Na'urar Dawo-Gobe ta Auna Ƙwaƙwalwa

A layinsu Auta babu gidan da bai taɓa kai wa yayanta gyara ba, babu kuma gidan da ya kai masa sau biyu. Shagonsa yana ƙofar gidansu, ya rubuta INJINIYA da jan fenti a samansa, amma kowa Dawo-Gobe yake ce masa, domin amsarsa ke nan ga duk wanda ya zo karɓar kayansa. Fankar mai aski da ya gyara, tun daga ranar baya take juyawa, ta kwashe iskar shagon ta kai wa bango. Dutsen gugar tsohon tela kuwa ya koma ba ya zafi sai a mariƙi.

Mijin Auta direban bas ne, mai murya kamar hon ɗin motarsa. A kwanakinsa na ƙarshe a asibiti, da ya daina magana da motsi, wata likita ta ɗora masa hula mai wayoyi, ta sa masa abin ji a kunne. Ta ce musu za ta riƙa sakar masa sauti iri ɗaya, tin, tin, tin, can ba zato sai ta sako wani daban. Ƙwaƙwalwar da ke lura, in ta ji baƙon sautin, sai wata 'yar wuta ta motsa a cikinta kafin ƙiftawar ido, na'ura ta zana tudu a allo. Suka zuba ido. Layi yana ta 'yan ƙananan tsalle, sai ga tudu ya tashi.

"Yana jin ku," in ji likitar. "Ku yi masa magana."

Abin da Auta ta riƙe daga ranar ke nan. Yayanta kuwa, wanda sau biyu ana ce masa ya ja da baya daga jikin wayoyin, abin da ya riƙe daban ne. Tun a hanyar gida yake cewa, "Wannan ai ba wani abu ba ne. Hula ce da waya da allura. Ni da nake kwana cikin waya?"

Bayan rasuwar mijin, Auta ta dawo ɗakinta na da a gidan Inna, da akwatinta da rediyon marigayi. Babban rediyo ne mai kaset, da 'yar allura a bayan gilashi. Ranar da ya saye shi ya danna jan madanni don gwaji ya manta, kaset ya ɗauke hirarsu ta safe kakaf: yana ba ta labarin fasinjoji, yana tsokanarta kan rowar sukari, yana waƙa da muryar da ba ta waƙa ba. Murfin kaset ɗin ya daɗe da maƙalewa, ba ya buɗuwa, ita ma ba ta so ya buɗu. Kullum da safe takan haɗa shayi ta kunna. Muryarsa ba ta rage a ko'ina a duniya ba sai a zaren wannan kaset.

Wata rana ta dawo daga kasuwa ta tarar da wurin rediyo wayam.

"Inna, ina rediyona?"

"Yayanki ya ara."

"Kika ba shi?"

"To ya ce aikin kimiyya ne. Har gwagwata ta tsane shinkafa ya ɗauka, ni na yi magana?"

Auta ba ta ko ajiye mayafi ba ta faɗa shago. Rediyon yana kan tebur an cire masa baya, hanjinsa a waje, lasifikarsa a rataye jikin ƙusa, an kafe gindinsa da tebur. A gefe ga gwagwar Inna, kowace huda an zura mata waya, wayoyin sun taru an ɗaure su a eriya.

"Yaya! Me ka yi masa?"

"Na ɗaga darajarsa. Jiya rediyo ne, yau na'urar auna ƙwaƙwalwa. Auta, an gama da jarrabawa a duniya. Makaranta za ta kawo ɗalibai, kamfani ya kawo ma'aikata, mai neman suruki ya kawo suruki. In ɗora gwagwa, in duba allura, in ce wannan da kai, wannan kwalba ce."

"Akwai kaset a ciki."

"Na gani."

"Muryar marigayi ce."

"Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai faɗa, amma Allah ya jiƙansa. Matso ki gani."

Ya danna jan madanni, ya ɗauki cokali ya buga jikin kofin gilashi. Tin, allura ta ɗan motsa. Tin, ta ɗan motsa. Ya saki murfin tukunya a ƙasa, ƙwaram, allura ta yi tsalle.

"Kin gani? Ƙananan tsalle, sannan tudu. Sak na asibiti."

Auta ta kai hannu ta kashe. "Jan madannin nan gogewa yake yi! Shi da kansa ya gaya min. Duk abin da ke kan zaren tafiya yake."

"Direba ne zai koya min lantarki? Ba inda muryar ta je. Tana nan a ƙasa, nawa na ɗora a sama. In na gama sai in kankare."

"Yaya, ka haɗa min abina."

"Ki ja shi ki gani, waya ɗaya ta tsinke shi ke nan har abada. Ni kaɗai na san yadda na kwance shi, ƙusoshinsa ma suna aljihuna. Ki dawo gobe."

Ta kai ƙara wurin Inna. Inna ta ce yayanta ne, tunda ya ce zai kankare ai zai kankare.

Mai aski ne ya fara zama ɗan kanzaginsa, don Dawo-Gobe ya kafa doka cewa wutar ƙwaƙwalwa ba ta ratsa gashi, duk namijin da ke son awo sai ya yi ƙwal-kwabo. Mai aski ya manta da batun fanka, ya riƙa tsayawa a bakin titi yana kira: "Kai mai gashi, ka san abin da ke ƙarƙashinsa?"

Wanda aka fara aunawa tsohon tela ne, mai nauyin kunne. Aka shafe masa kai da mai, aka kifa masa gwagwa, aka ce ya rufe ido. Auta tana bakin ƙofa tana kallon zaren kaset yana juyawa ta 'yar tagarsa, kamar ana zare mata jijiya. Tin, tin, tin. Ƙwaram! Tela bai ko motsa ba. Can sai aka ji minshari.

Dawo-Gobe ya girgiza kai. "Baba, sai haƙuri. Iyakar tsallen murfi allura ta yi, kai ba ka ƙara ko ƙwaya ba. Babu kowa a gidan."

"Me ya ce?" in ji tela.

"Ya ce ƙwaƙwalwarka ba ta aiki," mai aski ya faɗa masa a kunne.

"Gaya masa dutsen gugata ma haka."

Sai mai kayan miya, mace mai jiki da murya, wadda in ta kira ciniki a farkon layi ana amsawa a ƙarshensa. Ita an ɗora mata gwagwa a kan ɗankwali, domin Injiniya ya ce wutar mata ta fi kaifi, tana ratsa yadi. Da murfi ya faɗi ta ƙwalla ihun da ya tashi tantabarun maƙwabta, ta ture kujera. Allura ta buga ƙarshen gilashi.

Dawo-Gobe ya cire hularsa. "Hajiya, ban taɓa ganin irin wannan ba. Da an sa ki a makaranta, da yanzu jirgin sama kike ƙerawa."

"Ni na sani!" ta ce tana haki. "Ina gaya wa mijina, ba ya yarda!"

Kafin azahar ta ƙara wa tumatir tsada, ta ce ba ta ciniki da wanda ba a auna ba.

Malamin makarantar layin, wanda kowa ke kira Ticha, ya zo ne don ya yi dariya, amma ya ga jama'a sai ya zauna. Mutumin da ya shekara ashirin cikin aji, faɗuwar murfin tukunya ba ta zame masa labari. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "An gama?"

"An gama, Ticha. Kana gaba da tela da kaɗan."

"Da kaɗan?"

"Allura ba ta san satifiket ba."

Ticha ya ce, "Kai, a asibiti ana hana mutum motsi ne, ko ƙifta ido ɓata awon yake yi. Kai kuma ihu kake aunawa."

"Haka duk waɗanda suka faɗi suke cewa," in ji mai kayan miya daga waje. "Ticha, in lissafi ya shige maka duhu, ka aiko min."

Da yamma Auta ta samu shagon ba kowa, yayanta yana waje yana wa mutane bayanin tudu. Ta danna madannin saurare na ɗan lokaci. Labarin fasinjoji ya tafi. Muryar marigayi ta fito a tsakiyar tsokanar sukari: "...cokali ɗaya, Auta? Ko gwamnati ce ta hana?" Ta kashe da sauri, ta fita tana share ido da bakin mayafi.

"Yaya, ya cinye kusan rabi."

"Na ce miki yana ƙasa. Dawo gobe."

Washegari matsala ta ɓullo. Mai kayan miya ta gaya wa duk layin sirrin murfin tukunya, kowa ya zo yana jiransa. Abin da ake jira kuwa ba ya firgita kowa. Dawo-Gobe ya ce ai likitar ma ta faɗa, dole sautin ya zama ba-zata, don haka ya sauya. Ya fasa balan-balan a kunnen wani, mutumin ya kai masa naushi kafin ya buɗe ido. Dawo-Gobe ya ce wannan alamar saurin tunani ce, yana riƙe da haɓa. Ya samo hon ɗin keke, yara suka bi gida-gida suna tallar labarin hon. Wasu ma suka fara kurma ihu tun a tin na biyu, kafin a saki komai.

"Wannan fa?" mai aski ya tambaya.

"Ƙwaƙwalwarsa ta riga lokaci. Irinsu ɗaya ne a dubu."

Kafin la'asar an samu irinsu bakwai a layi ɗaya.

Sai mahauci ya zo, ƙato mai faɗin ƙirji, ya ce shi ba a haifi abin da zai razana shi ba, amma yana son a shaida masa ya fi mai kayan miya, don ta fara kiransa "bawan Allah" cikin tausayi. Dawo-Gobe ya ɓoye zakaran Inna a buhu. Tin, tin, tin, ya kwance bakin buhu a kan cinyar mahauci. Zakara ya fito da cara da fuka-fuki, ya ɗare kan gwagwa, ƙafarsa ta sarƙe a waya. Mahauci ya miƙe da kujera manne a bayansa, ya fita titi a guje, gwagwa a kai, zakara a kan gwagwa, yana kiran sunan uwarsa. Wayoyin suka fizgi eriya, tebur ya karkata, Auta ta yi tsalle ta rungume rediyo da ƙirjinta.

Mahauci ya bi ta kan tiren mai kayan miya, tumatir ya watse har kwata. Ta bi shi da muciya. Inna ta fito tana neman zakaranta. Tela ya leƙo daga shagonsa ya tambaya ko ɗaurin aure ake yi.

Dawo-Gobe yana tsugune gaban allura. "Kash! Ya fita da hular kafin in karanta. Amma daga abin da na hango, yana kusa da Hajiya."

"Kusa da wa?" in ji mai kayan miya, ta dawo da muciya a sama. "Wanda kaza ta kora?"

Rigima ta kaure. Ticha ya ce awon ƙarya ne, mahauci ya ce a sake, waɗanda suka riga lokaci suka ce ba za a sake ba. Dawo-Gobe ya hau kan benci ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Ranar Asabar da hantsi zan fito da na'ura bakin titi. Duk layin nan, babba da yaro, kowa zai zauna a gaban kowa. Daga ranar kowa zai san matsayinsa."

Duk layin! Auta ta dubi tagar kaset. Zaren da ya rage a gefe ɗaya bai fi kaurin zobe ba. Mutum uku ma sun isa su cinye shi.

Ta bi shi har bakin rijiya yana wanke kashin zakara daga gwagwa.

"Yaya, don girman Allah. Ka sayi wani kaset, ka samo wani rediyo."

"Wannan ne mai allura. Kuma ke ba ki san sa'ar da kika yi ba. Gobe in an rubuta tarihi, za a ce da rediyon mijinki aka fara."

"Ni muryarsa nake so, ba tarihi ba."

"Mata dai! Na ce zan kankare."

Ranar Asabar da safe, yana can yana jayayya da mai aski kan inda za a ajiye benci, ta sake latsa madannin saurare. Waƙar ma ta tafi. Sai shuru mai ɗan huci, sannan marigayi ya yi tari. Ta kashe nan take. Ta san tarin nan. Ta san abin da ke biye da shi kamar yadda ta san hanyar ɗakinta. Ta mayar da zaren baya kaɗan. Sannan ta kama madaurin ƙara ta murɗa shi har ƙarshe.

Tana fitowa ta ji yayanta yana raɗa wa mai aski a bayan ƙofa: "In har aka ce sai an auna ni, murfin tukunya za ka saki, bayan na taɓa hanci. Kada ka kawo min kaza."

Da hantsi aka ciccibo tebur da rediyo da lasifika aka ajiye bakin titi. Layin ya cika, kawunan maza sai ƙyalli suke a rana. Mai kayan miya ta zo da sabon ɗankwali da mijinta, don ya gani da idonsa. Dawo-Gobe ya sa farar rigar da ya aro wurin mahauci, ya rataya sukundireba a wuya.

"Wa zai fara?"

Auta ta fito daga cikin mata. Ta ce, "Yaya, ni ƙanwarka ce, ina jin kunya. Mutane suna ta tambayata, shi Injiniyan nawa ya ci? Na rasa amsa."

"Gaskiya ne!" in ji Ticha. "Mai awo ya fara hawa sikeli."

"Ni ai ba a auna ni. Allurar ba za ta ɗauka ba, karyewa za ta yi."

"Ta karye mu gani," in ji mahauci.

"Ko tsoro kake, ɗan'uwa a fasaha?" in ji mai kayan miya.

"Tsoro? Ni?" Ya zauna daram a kujera. "Ku matsa baya, kada gilashi ya fashe ya sami wani. Amma wa zai danna? Na'urar nan ba ta son hannun jahili."

"Rediyon mijina ne," Auta ta ce. "Na san madannansa."

"To. Ja za ki danna, kin ji? Ja."

Aka shafa masa mai, aka kifa gwagwa. Ya rufe ido, ya miƙa hannu ya ɗora a saman rediyon yana shafa shi kamar mai doki. Mai aski ya ɗauki cokali, murfin tukunya a hammatarsa. Auta ta sa yatsa, ta tsallake ja, ta danna na kusa da shi.

Tin. Tin. Tin. Lasifika tana ɗan huci. Dawo-Gobe ya cika ƙirji da iska, ya fara ɗago ɗaya hannun zuwa hanci.

Sai wani ya yi tari.

Ba a cikin taron ba. Tari ne mai kauri, na mutumin da ya sha hayaƙin mota shekara da shekaru, kuma babu wanda bai san mai shi ba a layin. Cokali ya tsaya a hannun mai aski.

"DAWO-GOBE! Cire hannunka daga rediyona!"

Ihun da Dawo-Gobe ya yi, mai kayan miya da kanta ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba. Ya fizge hannu kamar ya taɓa garwashi, ya tafi da baya shi da kujera, ƙafafu a sama. Gwagwa ta tsinke daga wayoyinta, ta gangara ta faɗa kwata. Mai aski ya saki murfi a kan ɗan yatsansa. Mahauci ya riga kowa kaiwa ƙarshen layi.

"Na ce ka cire! Kai wane irin mutum ne? Fankar mutane ba ta ishe ka ba?"

"Na cire! Wallahi na cire!" Dawo-Gobe yana rarrafe yana neman shiga ƙarƙashin benci. "Ka yafe ni, surukina! Aro na yi! Inna ce ta ba ni!"

"Ni?" in ji Inna daga ƙofar gida. "Kada ka haɗa ni da shi!"

Daga lasifika sai ga wata siririyar murya, ta Dawo-Gobe ta shekarun baya: "Dubawa kawai nake, allurar ce ta burge ni." Aka ji ƙarar rufe ƙofa, sai dariyar marigayi. "Auta, ko bayan raina kada ki bari yayanki ya taɓa abin nan."

Auta ta danna ta tsayar. Sauran nata ne, ba na titi ba.

Sai Ticha ya matso yana nuna gilashi. "Jama'a, kun ga allurar? Lokacin da marigayi ke faɗa har ƙarshe take bugawa. Hular kuma tana ina?"

Kowa ya juya ya kalli kwata.

"To ga zakaran layinmu," in ji Ticha. "Kwata ta fi Hajiya."

Ya ɗaga wayoyin da ke lilo. A eriya aka ƙulle su, ƙulli irin na igiyar shanya, ko fatarsu ba a fere ba.

Mijin mai kayan miya ya fara dariya, ta juyo ta kalle shi, ya mayar da ita tari. Sai ta cire takalmi ta nufi benci. "Fito! Ni za ka sa na ƙara wa tumatir kuɗi kwastomomina su gudu? Fito in auna taka!"

"Gashina fa?" in ji wani mai ƙwal-kwabo. Sauran suka shafa kawunansu, suka juya wajen mai aski, wanda ke tsalle da ƙafa ɗaya.

"Ni ma cutata aka yi! Ku dubi fankata!"

Dawo-Gobe ya leƙo da kai daga ƙarƙashin benci, mai yana gangaro masa a goshi. "Ku tsaya, ku tsaya. Wannan ai nasara ce. An gina ta don masu rai, ga shi har ta kamo na lahira. Ku ba ni zuwa gobe..."

Takalmin ya same shi a kafaɗa.

Auta ta tsaya a kansa ta miƙa hannu. "Ƙusoshin, Yaya."

Ya zazzage aljihu ba musu.

"Tashi ka haɗa min shi."

"Ni? In taɓa? Ba ki ji abin da ya ce ba?"

Tsohon tela ne ya zare sukundireba daga wuyan Dawo-Gobe, ya gyara tabarau, ya mayar da lasifika da murfin baya a hankali, Ticha yana riƙe masa. Ƙusa ɗaya ta yi saura, suka rasa wurinta, tela ya jefa a aljihu ya ce ladan dutsen guga ne. Da ya gama ya tambayi Auta, "Wai me aka yi ne mutane suke gudu?"

"Maigidana ne ya yi magana, Baba."

"Allah sarki. Da yana raye, shi kaɗai ne nake ji ba sai an maimaita ba."

Ta rungumi rediyonta ta shige gida.

Washegari da safe ta haɗa shayi, ta mayar da zaren farko, ta kunna. Tin, tin, tin, ƙwaram. Minsharin tela. Ihun mai kayan miya. Balan-balan da naushi, hon, carar zakara, mahauci yana kiran uwarsa. Labarin fasinjoji babu, waƙa babu, sukari babu. Ta yi kukanta, a tsakiyar kukan dariya ta ƙwace mata, ta rasa wanne za ta bi.

Inna ta leƙo. "Ki tura shi gaba mana, ki huta da haukan nan."

"Bar shi, Inna. Ta nan ake bi a je wurinsa."

Sai ga sallama a bakin ƙofa. Dawo-Gobe ne, kafaɗa a kumbure, da wata takarda a hannu.

"Auta, na gano kuskuren. Gwagwar ce ta yi huda da yawa, wutar tana zurarewa. In kika ara min na yini ɗaya kawai..."

Ya miƙo hannu. A cikin lasifika aka yi tari.

Bai jira sauran ba. Takalminsa ɗaya a ɗakin ya kwana.

Auta ta san abin da ke zuwa, ta ji shi sau ba adadi, amma da tsawar ta fito sai da zuciyarta ta yi tsalle. Aka rufe ƙofa, marigayi ya yi dariya, ya yi wasiyyarsa. Sannan ya sassauta murya, a ɗan guntun zaren da ya rage.

"Ke kuma aikin nan ba ya ƙarewa ne? Zo ki zauna, shayinki zai huce."

Ta jawo kujera ta zauna.